Yayana Mai Askin Ganye

Yayana ya yi shekara goma sha ɗaya yana aski kafin ya san cewa ganye ma yana da gashi. Shagonsa ɗan ƙarami ne, yana tsakanin mai gyaran agogo da shagona na buga takardu: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, sai bencin da tsofaffi ke zama su jira layi ko da babu abin askewa a kansu. Bango ɗaya ya raba mu, shi ya sa kusan duk abin da ya same shi a kan idona aka yi, ko a kunnena.

Abin da aka san shi da shi hannu ne. Bai taɓa yankar kowa ba. Ba shi da surutu irin na masu aski, kuma in ya ɗauki reza har numfashinsa yake ragewa.

Wata rana wata mata mai tabarau ta kawo mahaifinta a yi masa gyaran fuska. Tsohon yana fama da shaƙuwa, kwana biyu ba ta sake shi ba. Kowa a benci ya ce a bari sai ta lafa, tsohon ya ce yau yake so. Yaya ya tsaya ya saurari shaƙuwar sau uku, ya gane tazararta, sannan ya riƙa aske maƙogwaron a tsakanin wata da wata. Idon matar bai bar hannunsa ba.

Washegari ta dawo ita kaɗai, da karas guda ɗaya da ganyen ɗaɗɗoya a cikin jaka. Ta tsaga karas ɗin, ta cusa ganyen a tsakiya, ta miƙa masa.

"Malam, so nake ka yanko min wannan siriri. Sirantar da in na ɗora shi a kan jarida zan iya karanta rubutun da ke ƙasa."

Yaya ya dubi karas, ya dube ta. "Ranki ya daɗe, wanne ne mai askin, karas ɗin ko ganyen?"

"Ganyen. Karas ɗin riƙe shi kawai yake yi don kada ya lanƙwashe."

Ya wanke reza, ya yanka. Ta ɗaga abin a kan ɗan yatsanta, sai da ta juya wajen haske sannan ta gan shi. Ta ce ita malama ce a jami'a, sashen nazarin tsirrai, kuma shekara huɗu ɗalibanta suna yanko mata ganye kamar za su zuba a miya. Ta ce ya zo ya ga wani abu. Daga ranar muke kiranta Dakta.

Na rufe shago na bi shi, don ban yarda da maganar ba. Ɗakin gwaje-gwajen dogo ne, yana warin barasar goge kaya, da tebura masu farin dutse da famfo mai ɗiga. Dakta ta ɗora yankan a kan ɗan gilashi, ta ɗiga ruwa, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Yaya ya sunkuya. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Dakta," ya ce a hankali, "wannan ganyen ya kwana biyu rabonsa da aski."

Ta yi masa bayani a tsaye. Ƙamshin da muke ji ba a cikin naman ganyen yake ba, a jikin fatarsa yake, cikin waɗansu gasu ƙanana. Iri uku ne. Akwai dogaye masu tsini da ba sa ajiye komai, sai dai su tsone wa ƙwari ido. Akwai gajeru masu ɗan kai kamar allurar tela. Sannan akwai manyan, waɗanda suka zauna daɓas a cikin ɗan rami, da faffaɗan kai mai ɗaki huɗu. Ɗakunan nan su ke haɗa mai, su turo shi sama, ya taru a ƙarƙashin wata siririyar fata har ta kumbura. In ka murza ganye, fatar ce kake fasawa. Man kuma yana ɗauke da sinadari iri ɗaya da na kanumfari, shi ya sa masu ciwon haƙori ke tauna shi su ji dama.

Yaya ya raɗa musu suna nan take: masu gadi, masu kan allura, da masu hula. Har yau ɗaliban sashen da waɗannan sunaye suke rubuta jarrabawa a takardar gwaji, sannan su gyara.

Dakta ta nemi a ɗauke shi aiki. Ofishin ma'aikata ya ce a duk kundinsu babu muƙamin mai yanka ganye, kuma ba za a ƙirƙira ba sai majalisar jami'a ta zauna. Gurbi ɗaya ne a buɗe a sashen, na direba. Dakta ta ce a rubuta hakan kafin majalisar ta zauna. Majalisar ta zauna sau da yawa a cikin shekara ashirin da shida da suka biyo baya, amma ba a kan Yaya ba. Shi da ko keke bai iya ba, aka ba shi kaki da hular direbobi. Sau biyu aka tura shi kwas na tuƙi cikin ruwan sama, ya je ya zauna a baya ya rubuta duk abin da aka faɗa. A shekararsa ta goma aka kira shi gaban taro aka ba shi lambar yabo ta direban da bai taɓa haɗari ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce shi ma yana mamaki.

Aikinsa na gaskiya kuwa kullum iri ɗaya ne. Da safe ya tsinko ganye, ya sa a karas, ya yanka. Ya ɗiga jan rini wanda ba ya kama komai sai mai, masu hula su yi jawur kamar an kunna musu fitila. Ya ɗiga wani ruwan ƙarfe, duk inda sinadarin kanumfarin yake ya yi duhu. Sannan ya ƙirga. Ya gano da kansa cewa bayan ganye ya fi gabansa yawan masu hula, kuma jaririn ganye a cunkushe suke, in ya girma sai su warwatsu, kamar kan mutum in ya fara sanƙo. Ragowar karas ɗin kuma shi yake cinyewa. Mai kula da sito ya yi shekaru yana zargin girki ake yi a ɗakin, yakan faɗo ba sallama yana shinshina.

A gida abin ya zo da nasa rikici. Innarmu ta gaya wa duk unguwa cewa ɗanta ya zama likita, tunda farar riga yake ɗorawa a kan kakin. Mutane suka fara zuwa da ciwon gwiwa da kumburin ciki. Yaya ya zaunar da su, ya ba su ruwa, ya yi musu bayanin ɗakuna huɗu da siririyar fata. Wasu sun ce sun ji sauƙi. Matarsa kuwa, wadda muke kira Maman Yara, ba ta da damar tsinkar ganye a gabansa.

"Kin fasa musu hula," zai ce. "Ɗari nawa kika kashe yanzu da ɗan yatsa ɗaya?"

"To in dafa shi da hular?"

Babban abin da ya faru a rayuwarsa ya zo ne a shekararsa ta goma sha huɗu a aikin. An gina wa sashen ɗakin gilashi na rainon tsirrai, da fanka da bututun da ke fesa ruwa da kansa. Aka dasa ɗaɗɗoya tukunya sittin, ana ba su taki a kan ma'auni. Suka yi kore shar, ganye kamar tafin hannu. Akwai wani malamin sinadarai da muke kira Mai Kwalabe, shi ke dafa ganyen a tulun gilashi, tururi ya kwashi man ya bi ta bututu mai sanyi, ya ɗigo ya taru a saman ruwa. Ya dafa buhu guda, abin da ya samu bai kai hawayen jariri ba. Ya ce laifin direba ne, yana yawan taɓa ganyen. Yaya ya ce shi ko atishawa waje yake fita ya yi.

Ranar ya dawo gida ransa a ɓace. Ya zaga bayan kicin zai wanke hannu, ƙafarsa ta goga wata ɗaɗɗoya da Maman Yara ta dasa a fasasshen bokiti ta manta da ita. Ƙamshi ya buge shi har ya ja da baya. Abar a ƙanjame take, ganyenta ƙanana, rabi duk an tsattsage. Ya tsinki ɗaya ya nannaɗe a hankici.

Da safe ya sa a madubi, ya kira Dakta, ta kira Mai Kwalabe. Masu hula sun cika wurin, kowanne ya kumbura kamar zai fashe. Mai Kwalabe ya tambayi wane taki ake ba ta. Yaya ya ce a iya saninsa ba a ba ta komai.

Aka kafa kwamiti. Ranar Laraba mutum biyar suka zo gidan da littattafan rubutu, har da shugaban sashe da kwat ɗinsa. Maman Yara tana wanki, ta goge hannu ta ba su kujeru a bayan kicin, suka kewaye bokitin.

Shugaban sashe ya gyara murya. "Hajiya, sau nawa kike ba ta ruwa a mako?"

"Ruwa? In na gama wanke-wanke nakan watsa ta can. Wani lokaci ya same ta."

"Inuwa fa?"

"Babu. Rana tun safe."

"Waɗannan ramukan na ganyen?"

"Kazata ce."

Duk suka rubuta. Mai Kwalabe ya tambaya ko akwai wani abu kuma da ake yi a wurin, komai ƙanƙantarsa. Maman Yara ta dubi mijinta.

"In ya ɓata min rai, nan nake zuwa in yi faɗana. Shi ba ya amsawa, ita ma ba ta amsawa, amma ita ba ta tashi ta tafi aiki."

Suka rubuta wannan ma. Yaya yana tsaye yana kallon katanga.

Suka ari bokitin suka kai ɗakin gilashi, suka ajiye shi a wuri mai kyau. Cikin wata ɗaya ɗaɗɗoyar ta yi ƙiba, ta yi sabon ganye mai faɗi, man ya ragu. Dakta ta ce to, an gane: tsiron nan ba don mu yake yin mai ba, don kare kansa yake yi, daga ƙwari da zafi da masu ci. In ba abin da ke damunsa, sai ya miƙe ƙafa. Saura a gano wace wahalar ce ta fi aiki.

Ni na buga takardar umarnin da aka ba Yaya, ina da kwafinta har yanzu. Takardar ta ce daga ranar Litinin an ɗora wa direban sashe alhakin takura wa tsirrai, daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe biyu. Aka raba tukwanen layi biyar. Layin farko ƙishirwa da rana. Na biyu kaza. Na uku ruwan wanke-wanke. Na huɗu faɗa. Na biyar a bar shi cikin jin daɗinsa don a kwatanta.

Kazar ta ba da wahala a ƙofar jami'a. Mai gadi ya ce dabba ba ta shiga sai ta gwaji, ta gwaji kuma ba ta fita. Maman Yara ta ce kazarta a gida take kwana. A ƙarshe aka rubuta ta a matsayin kayan aiki, mai kula da sito ya ɗaura mata lamba arba'in da bakwai a ƙafa, Yaya yana sa hannu ya karɓe ta da safe, ya sa hannu ya fita da ita da rana a ƙarƙashin hammata.

Layin faɗa kuwa Yaya ya gwada ya kasa. Ya tsaya gaban tukwanen ya ce, "Ba ku kyauta ba," sai ya rasa abin ƙarawa. Dole aka gayyato Maman Yara, Talata da Alhamis, minti goma sha biyar. Ta sa mayafinta mai kyau ta zo. Ta tsaya gaban ɗaɗɗoya goma sha biyu ta fara da maganar ƙofar banɗaki da aka ce za a gyara tun kafin a yaye autarsu, ta gangaro kan mutumin da ke ƙirga gashin ganye amma bai san ajin da 'yarsa take ba. Yaya ne ke riƙe agogo. In lokaci ya cika ya ce, "Ya isa, Maman Yara," ta ce, "Ban gama ba," Mai Kwalabe ya ce a bar ta ta kai aya, amma a rubuta ƙarin mintin. Ɗalibai suka riƙa taruwa a jikin gilashi, har daga sashen shari'a.

Layin ƙishirwa ne ya fi damun Yaya. Yakan wuce su da butar ruwa a hannu, ganyensu a langaɓe, ya kau da kai. Na taɓa jin sa yana ce musu, "Ku yi haƙuri, umarni ne." Bai taɓa ba su ko ɗigo a ɓoye ba, amma ya daina shan ruwa a gabansu.

Bayan wata uku aka yanka, aka rina, aka ƙirga, aka dafa. Ƙishirwa da rana sun ƙara yawan man a kowane awo na ganye. Kaza ta yi aiki ita ma: duk sabon ganyen da ya fito bayan ta tsattsagi tsohon, masu hularsa sun fi yawa. Ruwan wanke-wanke ya kashe tukunya uku. Faɗa kuwa bai canja komai ba, layinsa daidai yake da na masu jin daɗi.

Dakta ce ta je gida da kanta ta gaya wa Maman Yara. Maman Yara ta saurara har ƙarshe.

"Ai a gaban mutane ban saki jiki ba," ta ce. "Abin da nake gaya wa ɗaɗɗoyar bayan kicin, da na faɗe shi a can da an kore shi daga aiki."

Aka buga binciken a wata mujalla ta masana. A ƙarshensa, wurin godiya, an ambaci direban sashe, da mai ɗakinsa, da kayan aiki mai lamba arba'in da bakwai. Yaya ya sa takardar a firam. Ya kuma gyara ƙofar banɗakin a makon.

Saura shekara uku ya yi ritaya Dakta ta shigo da wani reshe ta ajiye masa a tebur. Ta ce sun gama da ɗaɗɗoya, yanzu lemun tsami za su koma. Yaya ya sa ganyen a madubi, ya duba gaba, ya duba baya, ya ɗago.

"Dakta, wannan ai ƙwal yake. Babu ko tsinke."

"Amma murza ka ji."

Ya murza, ƙamshi ya tashi. Ya ɓata fuska kamar an yi masa ƙarya. Kwana biyu yana yanka yana neman gashi. A rana ta uku Dakta ta kama hannunsa ta fita da shi tsakar rana, ta ce ya ɗaga ganyen sama. Sai ga ɗigo-ɗigo masu haske ko'ina, kamar an soke shi da allura. Ta ce wannan a ciki yake ɓoye nasa. Waɗansu ɗakuna ne ke taruwa a cikin naman ganyen, na tsakiya su buɗe su bar rami, na gefe su riƙa zuba mai a ciki, ya zama 'yar rijiya a rufe. Yaya ya daɗe yana kallo, wuyansa a ɗage.

"To ni me zan aske?"

"Ba aski. Yanzu haƙa za ka yi. Ka ratsa min rijiyar ta tsakiya ba tare da man ya zube ba."

Wata biyu ya yi kafin ya samu. Rijiyar ba ta kai ƙwayar gishiri ba, kuma ba ka ganinta in ganyen ya shiga karas. Ya koyi jin ta a bakin reza, ya ce akwai wani ɗan laushi da ke zuwa kafin ta. Ranar da ya samu ta farko cikakkiya, da ɗigon mai a zaune a tsakiya, bai kira kowa ba. Ya rufe ta da gilashi, ya je ya wanke fuska, ya dawo ya sake dubawa, sannan ya aika a kira Dakta.

Yanzu shekararsa biyar a gida. Idonsa ya yi rauni, hannun yana nan. Ya dasa lemun tsami a tsakar gida, yana ba shi ruwa fiye da kima, ya ce ya gama zaluntar tsirrai. Da hantsi yakan zauna a ƙofar gida ya ɗaga ganye sama yana ƙirga. Maƙwabcinsu sabon zuwa ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, aiki yake.

Makon jiya na je gaishe su. Kafin in zauna ya miƙo min ganye ya ce in ƙirga masa na kusa da jijiya, nasa idon yana haɗa biyu su zama ɗaya. Na ɗaga, na ƙirga, na ce talatin da takwas.

"Sake dai, auta. Kin yi sauri."

Na sake, na samu arba'in da ɗaya. Ya ce in rubuta duka biyun. Maman Yara ta leƙo ta taga ta ce shayi yana hucewa. Ya ce muna zuwa, ya tsinko wani ganyen daga reshen ƙasa ya ba ni.